Yadda shihabai ke watsa igiyar rediyo a sararin samaniya

A shekarar 2014 wasu masana ilmin taurari na jami'ar New Mexico da ke ƙasar Amurka suka ba da sanarwar cewa sun ci karo da wani abu da ba shi suka fita nema ba. Sun gano cewa manyan shihabai, wato abin nan da jama'a suka fi sani da faɗuwar tauraro, kan bar wata hanya a can sama wadda ke ci gaba da fitar da igiyar rediyo na daƙiƙoƙi masu yawa, wani zubin har 'yan mintoci, bayan hasken da ido ya gani ya daɗe da mutuwa.

Kafin wannan lokaci dai an shafe shekaru fiye da 80 da sanin cewa akwai dangantaka tsakanin shihabai da rediyo. To amma a duk tsawon waɗannan shekaru ana kallon shihabi ne a matsayin madubi kawai, wanda ke maido da saƙon da wata tasha ta aika daga doron ƙasa. Batun cewa shi da kansa tasha ne mai watsa nasa shirin, magana ce da aka yi ta zato, aka kuma yi ta nema ba a samu ba.

Abubuwa uku ne ake yawan cakuɗa su in ana wannan zance: maido da saƙon rediyo, da ƙarar da wasu mutane ke cewa sun ji da kunnensu a daidai lokacin da shihabi ke wucewa, da kuma igiyar da aka gano a 2014. Kowannensu da tarihinsa, kuma ƙarfin hujjarsu ba ɗaya ba ne.

Mene ne shihabi?

Shihabi kalma ce ta Larabci wadda masu karatun Alƙur'ani mai girma suka saba da ita, domin ta zo a surori irin su Hijr da Saffat da Jinn. Ta fuskar ilmin kimiyya kuwa, abin da ake gani yana tsaga duhun dare ba tauraro ba ne. Galibi 'yar tsakuwa ce wadda ba ta wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba, tana yawo a kewayen rana har ta faɗa cikin iskar da ta lulluɓe duniya.

Gudunta shi ne abin mamaki. Tana shigowa da saurin da ya kama daga kilomita 11 zuwa kilomita 72 a cikin daƙiƙa guda. A irin wannan gudu, ko iska mara kauri ta can sama ta isa ta narkar da ita, kuma akasarinsu kan ƙone ƙurmus tsakanin kilomita 80 zuwa 120 daga doron ƙasa. Wadda ta kai girman ƙwallon goruba ko ta fi, ita ke ba da haske mai ƙarfi da ya zarce na Zahra, kuma ita masana ke kira curin wuta.

Ƙalilan ne ke tsira su iso ƙasa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a duniya shi ne dutsen da ya faɗo kusa da Zagami a lardin Katsina ranar 3 ga watan Oktoban 1962, mai nauyin kilo 18, wanda daga bisani bincike ya nuna cewa daga duniyar Mars ya fito.

Abin da ya shafi rediyo a nan shi ne abin da tsakuwar ta bari a bayanta. Yayin da take ƙonewa, ƙwayoyin jikinta kan yi karo da na iska da ƙarfin da zai fizge ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira elektiron. Sai a sami wani dogon layi na iska mai ɗauke da cajin lantarki, tsawonsa kilomitoci da dama, faɗinsa kuwa da farko bai wuce 'yan mitoci ba. Irin wannan iska ita ake kira filasma.

Masu sauraron rediyo a gajeren zango sun daɗe suna cin moriyar filasma ko da ba su san sunanta ba. Akwai wani rufi nata da hasken rana ke haddasawa a sama, wanda ake kira ayonosfiya, kuma shi ne ke lanƙwaso shirye-shiryen da ake watsawa a kan mita 16 ko 19 ko 25 har su tsallake teku da hamada su iso akwatin rediyo. Hanyar da shihabi ya bari tamkar wani ɗan yanki ne na wannan rufi, sai dai ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya daɗewa.

Madubi a sama

Masanin kimiyyar nan na Japan, Hantaro Nagaoka, yana cikin waɗanda suka fara kawo shawarar cewa shihabai na iya shafar tafiyar igiyar rediyo, a shekarar 1929. A farkon shekarun 1930 wasu injiniyoyin Amurka suka lura cewa ayonosfiya kan hargitse a dararen da ake ruwan shihabai. A 1941 kuma wasu injiniyoyi biyu na gidan rediyon Indiya, Chamanlal da Venkataraman, suka ba da rahoton wani fito mai sauka da suke ji a kusa da na'urorin gajeren zango na birnin Delhi, suka kuma danganta shi da shihaban da ake gani a sama.

Yaƙin duniya na biyu ne ya kawo tabbacin. A 1944, lokacin da Jamus ke harba rokokin V-2 a kan birnin London, an juya na'urorin radar na sojan Birtaniya sama domin a riƙa hango su. Na'urorin suka yi ta nuna wasu alamu na ɗan lokaci, alhali babu wata roka da aka harbo. James Stanley Hey da abokan aikinsa suka bi diddigin lamarin bayan yaƙi, suka tabbatar cewa hanyoyin shihabai ne.

A daidai wannan lokaci Bernard Lovell na jami'ar Manchester ya kai wata tsohuwar radar ta soja wani fili da ake kira Jodrell Bank, da niyyar binciken wani abu dabam, shi ma shihabai suka tare masa gaba. A daren 9 ga watan Oktoban 1946 aka yi wani gagarumin ruwan shihabai, na'urarsa ta cika da alamu. A shekarar da ta biyo baya ma'aikatan wurin suka gano cewa ana yin ruwan shihabai da rana tsaka a cikin watannin Mayu da Yuni, abin da babu idon da zai iya gani saboda hasken rana.

Da aka san akwai madubi, sai aka shiga tunanin yadda za a more shi. Ƙasar Kanada ta kafa wani tsarin sadarwa mai suna JANET a shekarun 1950. Tashoshi biyu da ke nesa da juna sukan zauna cikin shiri, da zarar wani shihabi ya buɗe hanya a tsakaninsu sai a cusa saƙo da sauri kafin hanyar ta rufe, sau da yawa cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Ta haka ana iya kai saƙo nisan da ya kai kimanin kilomita 2,000. A yammacin Amurka an shafe shekaru da dama, tun daga ƙarshen shekarun 1970, ana tattara bayanan yawan dusar ƙanƙara daga ɗaruruwan ma'aunai da ke kan duwatsu ta wannan hanya, kafin a koma ga wayar salula da taurarin ɗan Adam. Masu sha'awar rediyo a matsayin abin nishaɗi kuwa har yau suna gaisawa ta kan shihabai, ta hanyar wata manhajar kwamfuta da Joe Taylor, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1993, ya fitar a 2001.

A duk waɗannan, ƙarfin saƙon daga ƙasa ya fito. In aka kashe tashar, madubin ba shi da abin cewa.

Waɗanda suka ce sun ji da kunnensu

Magana ta biyu ta girmi rediyo da kanta. Tun ƙarnoni da dama da suka wuce ake samun mutanen da ke cewa sun ji wani sauti, kamar na ruwa a kan garwashi ko na tuya a kasko, a daidai lokacin da curin wuta ke ratsa sama.

A bisa lissafi hakan ba ya yiwuwa. Haske da igiyar rediyo suna tafiyar kilomita dubu 300 a daƙiƙa, shi kuwa sauti yana buƙatar kimanin daƙiƙa 3 kafin ya ci kilomita guda. Shi ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Ƙarar abin da ya faru a nisan kilomita 90 za ta ɗauki kusan minti 5 kafin ta iso kunne.

An ga wannan tsaiko a zahiri ranar 15 ga watan Fabrairun 2013, sa'ad da wani dutse mai faɗin kusan mita 20 ya tarwatse a saman birnin Chelyabinsk na ƙasar Rasha. Mutane sun ga hasken, suka taso bakin tagogi suna kallo, sai da aka yi fiye da minti guda sannan ƙarfin fashewar ya iso ya farfasa gilasai. Kimanin mutane 1,500 ne suka nemi magani, akasarinsu saboda yankan gilashi. Ƙarar da manomin Zagami ya ji a gonarsa a 1962 ita ma irin wannan ce, sauti na yau da kullum.

Edmond Halley, masanin taurarin Ingila wanda aka sa wa shahararriyar tauraruwa mai wutsiya sunansa, ya tattara bayanan wani curin wuta da aka gani a ƙasar a watan Maris na 1719. Ya lissafa cewa ya wuce ne a tsayin fiye da mil 60, saboda haka ya yanke hukuncin cewa waɗanda suka ce sun ji sautinsa nan take ransu ne kawai ya raya musu. Lissafin Halley daidai ne, kuma girman sunansa ya sa hukuncin ya zauna. Kusan shekaru 260 aka yi ana sallamar shaidu da wannan amsa, duk da cewa mutanen da ba su san juna ba, a nahiyoyi dabam-dabam, suna kwatanta abu iri ɗaya, har da waɗanda suka ce sautin ne ya sa suka ɗaga kai suka duba.

Wanda ya sake buɗe shari'ar shi ne Colin Keay na jami'ar Newcastle a Ostireliya. Bayan wani babban curin wuta da ya ratsa jihar New South Wales da asubahin 7 ga watan Afrilun 1978, ya tattara bayanan shaidu, ya kuma wallafa nasa bayanin a 1980. A ganinsa, filasmar da ke tafasa a bayan curin wutar kan cukuikuye layukan maganaɗisun duniya, in ta huce sai su warware su saki ƙarfinsu a matsayin igiyar rediyo mai dogon zango ƙwarai, wadda yawan kaɗawarta ya yi daidai da na sautin da kunne ke ji. Wannan igiya tana isowa ƙasa tare da haske, ta girgiza abubuwan da ke kusa da mutum, kamar busassun ganye ko takarda ko gashin kansa, su kuma su mai da ita sauti. Hakan zai bayyana dalilin da ya sa mutum ɗaya zai ji, na kusa da shi bai ji ba.

A watan Nuwamban 1998 wata tawagar masana daga ƙasar Kuroshiya ta je wani fili mai sanyi a Mongoliya, inda babu bishiya babu hayaniya, domin ruwan shihaban Leonid. Makirfo ɗinsu ya ɗauki ƙara sau biyu a daidai lokacin da curin wuta ya haska. Wannan ya wanke shaidu daga zargin ruɗu. Sai dai kuma na'urorin rediyon da suka tanada ba su kama igiyar da ake sa rai ba, haka nan wani bincike na shekaru biyu da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2020, bai sami alamarta ba. Wahalar ita ce walƙiya na cika wannan zango da ƙaraurawa dare da rana daga kowane sashe na duniya, don haka abu ne mai sauƙi a ɗauki sa'a a matsayin hujja.

A 2017 masana a cibiyar bincike ta Sandia a Amurka suka kawo wani bayani da bai buƙatar rediyo sam. Sun ce hasken curin wuta yana ƙyaftawa da sauri, kuma wannan ƙyaftawa na ɗumama gashi ko tufafi ko ganye a kai a kai, har iskar da ke jikinsu ta yi motsin da kunne zai ji. Har yanzu ba a rufe wannan babi ba.

Abin da aka gani a New Mexico

Magana ta uku ita ce ta fi ƙarfin hujja, kuma ita ce mafi sabunta. Tun a 1958 masanin taurari Gerald Hawkins ya saurari shihabai a Amurka ko zai ji suna fitar da wata igiya tasu, bai ji komai ba. Daga nan batun ya kwanta.

Na'urar da ta tashe shi ana kiranta LWA, tana wani fili mai faɗi a hamadar New Mexico, yamma da garin Socorro. Wanda ya saba ganin hoton manyan faifan hangen nesa zai iya wuce ta bai kula ba. Eriyoyi ne guda 256, kowace ba ta kai tsayin mutum ba, an baza su a filin da faɗinsa ya kai kimanin mita 100. Babu abin da ke juyawa a cikinsu. Kwamfuta ce ke haɗa abin da dukkansu suka ji, ta fitar da hoton sararin sama baki ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan, a kowace daƙiƙa 5.

Tana sauraro ne tsakanin megahaz 10 zuwa 88. Megahaz guda na nufin kaɗawa miliyan ɗaya a daƙiƙa. Ga wanda ya fi sabawa da lissafin mita, wannan ya fara ne daga wajen mita 30, ya bi ta kan zangunan da ake kama tashoshin ƙasashen waje, ya tsaya daf da inda FM ya soma.

Kenneth Obenberger, wanda a lokacin ɗalibin digiri na uku ne, da malaminsa Gregory Taylor da sauran abokan aikinsu, suna neman alamun wasu manyan fashe-fashe ne da ke faruwa a can ƙuryar sararin samaniya. Da suka tace hotunan sa'o'i dubu 11, sai suka sami wasu haske-haske na rediyo guda 49 waɗanda suka bayyana, suka yi daƙiƙoƙi gommai, suka ɓace. Babu wani tauraro da aka sani a wuraren. Wasu ma ba ɗigo ba ne, sun miƙe ne a hoton kamar an ja layi.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, tana da kyamarori da ke gadin sama da dare domin ɗaukar curin wuta, wasunsu a kudancin jihar. Da aka gwama bayanan, 10 daga cikin 49 ɗin suka faɗo daidai wuri da lokacin da kyamarorin suka ga curin wuta. Sauran kuwa da dama sun faru ne a inda kyamarorin ba sa gani.

Tambayar farko da kowane masani zai yi ita ce, ashe ba tsohon madubin nan ba ne? Sararin Amurka cike yake da tashoshin rediyo da talabijin da radar, kuma LWA na ganin saƙonninsu suna dawowa daga hanyoyin shihabai a kullum. Masu binciken sun kawo dalilai da suka raba biyun. Saƙon tasha yana zaune ne a kan ƙunƙuntar zango guda, wanda aka ba ta lasisi a kai, wannan kuwa ya bazu lami lafiya a kan zango mai faɗi, ana ganinsa daga wajen megahaz 20 zuwa 60, yana raguwa yayin da ake hawa sama. Igiyar da eriyar ɗan Adam ta fitar tana kaɗawa ne ta fuska guda, a tsaye ko a kwance ko a murɗe, wannan kuwa kusan ba ta da fuskar da ta fi karkata. An kuma gan ta a kusa da megahaz 38, wani ɗan yanki da aka keɓe wa masu binciken taurari. Bugu da ƙari yanayin tashinta da faɗuwarta dabam ne: takan ƙaru cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, sannan ta riƙa dusashewa sannu a hankali.

Haka kuma ba zafi ne kawai ya haifar da ita ba. Duk abu mai zafi yana fitar da 'yar igiyar rediyo, amma abin da zafin hanyar shihabi zai iya bayarwa bai kai ko kusa da ƙarfin da aka auna ba.

Daga ina ƙarfin ke fitowa?

A nan ne gardama take. Bayanin farko ya dogara ne kan wata ɗabi'a ta filasma. In aka ture ƙwayoyin elektiron daga mazauninsu, sukan yi lilo su koma, kuma saurin lilon ya danganta ga cunkosonsu. Domin su yi lilo a kan megahaz 38, ana buƙatar kimanin elektiron miliyan 18 a cikin wurin da bai wuce ƙwayar sukari mai kusurwa huɗu ba, wato santimita guda ta kowane ɓangare. Ayonosfiya a wannan tsayi, ko da rana tsaka, ba ta wuce dubu 100 ko makamancin haka ba. Hanyar babban shihabi kuwa tana iya kai wancan cunkoso. Tun da tsakiyar hanyar ta fi gefenta kauri, kowane sashe zai yi lilo da nasa sauri, abin da zai iya bayyana faɗin zangon da aka gani.

Matsalar ita ce irin wannan lilo ba ya jurewa. Ƙwayoyin elektiron na karo da na iska sau dubbai a daƙiƙa, kuma kowane karo na rage musu ƙarfi. In ba a ci gaba da tura su ba, lilon zai mutu tun kafin ƙiftawar ido. To mene ne ke tura su har tsawon minti guda, alhali tsakuwar da ta haddasa abin ta riga ta zama toka?

Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan ba a samun wannan igiya ƙasa da tsayin kilomita 90, duk da cewa curin wuta da yawa na nutsawa ƙasa da haka. Wannan ya dace da batun karo, domin iska na ƙara kauri ne yayin da ake saukowa. Ya kuma nuna cewa ba kowane shihabi mai haske ne ke yin ta ba.

Da aka gina tasha ta biyu a Sevilleta, kimanin kilomita 75 daga ta farko, sai aka sami damar kallon abu guda ta fuska biyu. Sakamakon da Savin Varghese da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya nuna cewa ƙarfin igiyar kusan ɗaya ne ta kowace fuska aka dube ta, kamar fitilar ƙwai, saɓanin tocila mai haska gefe guda. Wannan ma wata hujja ce a kan cewa ba madubi ba ne, domin madubi yana da fuskar da yake mayar da haske.

A 2020 kuma aka sami wata alaƙa da ta buɗe sabuwar ƙofa. Wasu manyan shihabai kan bar wani siririn haske mai kama da hayaƙi wanda ke daɗewa a sama, iska na lanƙwasa shi, har mintoci da dama. Wannan haske na fitowa ne daga haɗuwar ƙarafan da tsakuwar ta zubar, irin su baƙin ƙarfe da sodiyam, da sinadaran iskar wurin, musamman ozon. An lura cewa igiyar rediyon na yawan zuwa tare da irin wannan hayaƙi. Saboda haka Obenberger da abokan aikinsa suka kawo shawarar cewa wannan ci da sinadaran ke yi a hankali shi ne murhun da ke samar da elektiron masu zafin gudu, su kuma su fitar da igiya yayin da suke ratsa filasma mai kauri a nan, sirantaka a can. Shawara ce mai ma'ana, amma ba a kai ga yi mata ittifaƙi ba.

Ya kamata a faɗi cewa kusan dukkan abin da aka sani game da lamarin ya fito ne daga na'urori 'yan gida ɗaya a Amurka. Wata babbar na'ura a yammacin Ostireliya ta nema a zangon da ke sama da megahaz 70, a wani bincike da aka wallafa a 2018, ba ta ga komai ba sai saƙonnin tashoshin FM da ke dawowa. Wannan bai rushe binciken New Mexico ba, tun da an riga an ga cewa igiyar na raunana a manyan zanguna, amma ya nuna iyakar inda za a neme ta.

Amfanin sanin haka

Sashen sama da shihabai ke ƙonewa a cikinsa yana daga cikin wuraren da suka fi wuyar aunawa. Balan-balan ɗin bincike ba sa wuce kilomita 50 ko makamancin haka, tauraron ɗan Adam kuwa ba zai iya zama ƙasa-ƙasa haka ba sai ya faɗo. Roka kaɗai ke ratsa wurin, ita ma na 'yan mintoci. Alhali kuwa a nan ne gomman tan na ƙurar sama ke narkewa a kullum, kuma ƙarafan da suke bari kan taru su yi wasu faya-fayan filasma da ke karkatar da saƙonnin rediyo da talabijin zuwa inda ba a nufa ba.

Shi ya sa ake da na'urorin radar na shihabai a ƙasashe da dama, suna auna gudun iskar wurin ta hanyar bin yadda take kwasar hanyoyin shihabai. Igiyar da shihabi ya fitar da kansa tana da fifiko guda, ba ta buƙatar a aika komai daga ƙasa, kuma in aka fahimci yadda take samuwa za ta faɗi kaurin filasma da irin sinadaran da ke aiki a wurin. Su kuma masu binciken taurari dole su san ta ko don kada su ɗauki tsakuwar da ta ƙone a kilomita 100 a matsayin fashewar da ta faru a wata duniya mai nisa, kuskuren da ya rage kaɗan a yi a farkon lamarin.

Wanda ke son ya ji da kansa

Igiyar New Mexico ta fi ƙarfin akwatin rediyon gida. Amma madubin, kowa na iya gwada shi. A nemi wuri a kan FM inda babu wata tasha ta kusa sai shuuu, amma an san akwai wata tasha mai ƙarfi a kansa a wani gari mai nisan ɗaruruwan kilomitoci. In an yi haƙuri, jefi-jefi za a ji murya ko kiɗa ya faso na daƙiƙa guda ko biyu ya ɓace. A manyan birane inda tashoshi suka cika zangon abin zai yi wuya, ƙauye ya fi, eriyar waje kuma na taimakawa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga asuba zuwa hantsi, domin a sa'annan ne ɓangaren duniyar da mutum yake ke fuskantar gaba a tafiyarta ta kewaya rana, yana kwasar tsakuwoyin da ke kan hanya. Ranakun da aka fi samu kuwa su ne na ruwan shihabai na shekara-shekara: Perseid a wajen 12 da 13 ga watan Agusta, Leonid a wajen 17 da 18 ga Nuwamba, sai Geminid a 13 da 14 ga Disamba. Hadarin damina da ƙurar hunturu na iya hana ido gani, amma ba sa tare igiyar rediyo.